Shin haɗa harsashi a gida ya fi saye arha ga mai harbin nesa?

Bakano a Houston: Assalamu alaikum. Ina harbin allo daga nisan yadi 600 zuwa 1,000 da harsashin raifil samfurin 6.5 Creedmoor, kuma kwali mai harsashi 20 yana cin mini dala 40. An yi mini tayin injin cusa harsashi da sikeli da sauran tarkace a kan dala 800. A wata ba na wuce harsashi 60. Waɗanda suka taɓa yi, nawa harbi ɗaya yake tsaya muku?

Ɗan Damagaram a Ohio: Wa alaikumus salam. Laba ɗaya ta albarushi giren 7,000 ce (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne), tana cika harsashi kusan 170, saboda haka idan ka saya dala 50, kowane harbi ya ci santi 30 ke nan. Ka ƙara santi 45 na kan harsashi, 10 na firaima (ɗan abin da ke gindin harsashi mai tayar da albarushi), da 10 na kwanso (gidan da ake zuba albarushi a ciki) idan ya jure ciko goma. Ni a ƙasa da dala ɗaya nake tsayawa.

Dattijon Dallas: Ɗana, kada lissafin takarda ya ruɗe ka. A 2020 na zuba sama da dala 1,500 a kaya, sai firaima ta ɓace a kasuwa gaba ɗaya. Wata tara injin yana gareji, gizo-gizo yana saƙa a hannunsa, har na sayi dubu ɗaya a hannun wani ɗan kasuwa a kan kuɗin da ko uwargida ban faɗa wa ba, kuma da na buɗe sai na tarar da su na ƙaramin gurbi ne, alhali gurbin firaima na kwansona babba ne. Har yau suna cikin akwati.

Ɗan Damagaram a Ohio: Alhaji, Allah ya mayar da alheri, amma wannan kuskuren saye ne a shekarar annoba. Yanzu ana samu.

Bazazzagi a Arizona: A ina ake samun laba a dala 50? Makon jiya 64 na biya. Kuma babu wanda ya ambaci bututun bindiga, wanda yake cinyewa bayan harbi 2,500 zuwa 3,000.

Ɗan Damagaram a Ohio: Bututu zai cinye ko da harsashin kanti kake harbawa, don haka ba ya shiga wannan lissafi.

Dattijon Dallas: Yana shiga, domin mai haɗawa da kansa ninki biyu yake harbawa da sunan gwaji. Shekara nawa ka yi a harkar nan da za ka gyara mini?

Wani daga Maryland: Kakana da bindigar toka ya ciyar da gida shekara arba'in, bai taɓa riƙe sikeli ba, ku kuwa takarda kuke hudawa kuna faɗa.

Bazazzagi a Arizona: Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kuɗin kaya masu haɗari da ake ɗorawa a kan aiko da albarushi da firaima. Wani kanti ya caje ni sau biyu saboda ya raba odata gida biyu.

Bakano a Houston: Na gode, amma har yanzu ba a taɓa batun harsashi 60 a wata ba. Mai injin yana jiran amsata ranar Asabar.

Dattijon Dallas: Firaima ta ƙaramin gurbi kake buƙata ko ta babba?