Wai sai mai kaifin ƙwaƙwalwa ne ke iya karatun jami'a?

Maman Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata magana da nake so waɗanda suka san harkar su warware mana. Da an ce wane ya samu jami'a, sai ka ji an ce ai dama kansa na ja. Wanda bai samu ba, ko ya shiga ya kasa, sai a ce ba shi da kan boko. Wasu kuma sun juya maganar, wai yanzu digiri ya zama ruwan dare, ko daƙiƙi ma yana yi. Don Allah malaman jami'a, da masu aikin ɗaukar ɗalibai, da masu ba su shawara, wane irin kai ake buƙata a zahiri? Su kuma masu faɗuwa, me ke kayar da su? Bayani nake so wanda uwa ko yaya zai iya aiki da shi.

Baban Rijista:

Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da makin shiga, don nan ne mutane ke ruɗewa. Suna ɗauka ma'aunin ƙwaƙwalwa ne, wai an zauna an auna an ga wanda bai kai kaza ba ba zai iya kwas ɗin ba. A yawancin wurare ba haka ake fitar da shi ba. A ce sashe na da gurbi 100, mutum 2,000 suka nema. Za a jera su daga sama zuwa ƙasa, a ƙirga 100, makin na ɗarin shi ne makin shiga na bana. In baɗi masu nema suka ƙaru, makin ya hau. In an gina sabon ɗakin gwaje-gwaje aka ƙara gurbi 50, ya sauko. Kwas ɗin bai canza ba, littattafan su ne dai na bara. Cikin 1,900 da aka bari, da yawa za su iya karatun sarai, kujera ce kawai ta ƙare.

Shi ya sa likitanci ke da maki mai tsanani kusan ko'ina, saboda yawan ɗaliban na ɗaure da gadajen asibitin koyarwa da yawan likitocin da za su koyar. Akwai kwasa-kwasan da suka fi shi buƙatar zurfin tunani, irin su tsantsar lissafi da fiziya, amma sau da yawa makinsu na ƙasa, don masu rububinsu kaɗan ne.

Ga hujja ta wani ɓangaren. Buɗaɗɗiyar jami'ar Birtaniya, wadda aka kafa a 1969 ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1971, ba ta neman wata takardar sakamako kafin a shiga mafi yawan kwasa-kwasan digirinta na farko. Ƙofa a buɗe take, tacewar na faruwa ne a ciki, kuma wanda ya kammala digirinsa karɓaɓɓe ne.

Dokta Lissafi:

Malam Baban Rijista ya yi gaskiya, amma kada mu yi wa mutane daɗin baki. Kai na da bambanci, duk wanda ya tsaya gaban allo ya sani. Akwai ɗalibin da sau ɗaya za ka nuna masa hujja ya kama, akwai wanda sai sau huɗu. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne cewa na biyun ba zai kammala ba. Yana kammalawa, in har tushensa babu rami.

Ramin tushe shi ne babban mai kisa a kimiyya da injiniyanci, kuma shi ake yi wa kuskuren suna a ce rashin ƙwaƙwalwa. Ka ɗauki takardun waɗanda suka faɗi kalkulas, wato lissafin jami'a na shekarar farko, ka bi layi-layi. Galibi sabon darasin sun gane shi, matakin farko daidai ne. A layi na uku ko na huɗu suke zubewa, wurin haɗa ɓangarori biyu masu mabambantan lambar ƙasa, irin 1/2 da 1/3, ko buɗe baka mai alamar ragi a gabanta, ko dokokin logaridim. Duk aikin sakandare ne. To kwasa-kwasan lissafi sarƙa ne: aljabra ce ke ɗauke da kalkulas na ɗaya, shi ya ɗauki na biyu, su biyun su ɗauki kusan duk abin da injiniya zai karanta a aji biyu da uku. Wanda ya tsallake na farko da ƙyar, da haddar amsoshin bara, a na gaba zai biya bashin da riba.

Maganinsa ba wani sirri ba ne. Kafin a fara zango, ɗalibi ya ɗauko tambayoyin aljabra 30 na matakin ƙarshen sakandare, ya yi su littafi a rufe, da agogo. Duk inda ya yi kuskure sau biyu, wannan babin ya koma masa, tambaya goma kullum har sai hannu ya faɗa. Mako shida zuwa takwas na wannan ya fi shekarar da za a ɓata ana maimaita kwas.

Malama Hauwa Mai Shawara:

Dokta, na yarda da batun tushe, sai dai a ofishin ba da shawara abin da ya fi zuwa shi ne lissafin lokaci. Yawancin sababbin ɗalibai ba su san nauyin da suka sa hannu a kai ba. A tsarin Turai, shekarar karatu guda ana ƙiyasta ta da awa 1,500 zuwa 1,800 na aiki, lakca da karatun kai duka. A Amurka ƙa'idar ita ce kowace awa ɗaya ta aji tana neman aƙalla awa biyu a waje. Wato mai lakcar awa 15 a mako, aikinsa na gaskiya awa 45 ne. Cikakken aiki ne, sai dai babu shugaban da zai tambaye ka ina ka kwana.

A nan ne 'yan baiwa ke ba mutane mamaki. Yaron da ya saba zama na ɗaya a sakandare ba tare da ya buɗe littafi ba, bai taɓa koyon yadda ake karatu ba, don bai taɓa buƙata ba. Ya zo jami'a, mako huɗu na farko komai kamar bita ne, sai ya saki jiki. Wajen mako na bakwai kaya sun taru, ga gwajin tsakiyar zango, ga ayyukan gida uku. Kuma kunya ba za ta bar shi ya je wurin malami ya ce ban gane ba, tunda tun yana ƙarami ake ce masa ƙwaro. Shi kuwa matsakaicin da ya saba shan wuya, ya riga ya san zaman awa uku a kan shafi ɗaya ba mutuwa ba ne.

Ga abin da ya sa shekarar farko ke da haɗari. A tsarin da mafi girman maki 5 ne, a ce jimillar nauyin kwasa-kwasan digirin (yunit) 144 ne, kowace shekara 36 kuma duk daidai ake lissafa su. Wanda ya tashi shekarar farko da 2.0, in yana so ya gama da 3.5, sai ya riƙe 4.0 a duk shekara ukun da suka rage, babu tuntuɓe ko ɗaya.

Ɗan Kwalisa:

Malama kin taɓo inda ke ciwo. Amma ni tambayata, shi gwajin IQ ɗin, na auna kaifin ƙwaƙwalwa, da ake ta magana fa? Na ga ana cewa sai mai 115 ko 120 ne ke iya digiri.

Yaya Sani:

Ƙanena, ka yi hattara da waɗannan alƙaluman da ke yawo. Shi gwajin an tsara shi ne yadda matsakaici zai zama 100, kuma kusan mutum biyu cikin uku suna tsakanin 85 da 115. Asalinsa ma, Alfred Binet da Théodore Simon sun fitar da shi a Faransa a 1905 don gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta. Tabbas yana da alaƙa da sakamakon karatu, babu mai musun wannan. Amma alaƙar ta taron jama'a ce, ba ta iya gaya maka makomar mutum guda.

Lewis Terman na jami'ar Stanford ya fara bin yara kusan 1,500 masu makin sama sosai a 1921, aka ci gaba da bin su har tsufa. Yawancinsu sun yi karatu mai zurfi, sun samu rufin asiri, wannan gaskiya ne. Amma babu wanda ya ci kyautar Nobel a cikinsu, alhali William Shockley, wanda aka gwada yana yaro bai kai makin shiga rukunin ba, ya ci ta a fannin fiziya a 1956.

Ita kuma maganar masu cewa digiri ya lalace, tarihi ne ke bayansu ba su sani ba. Martin Trow, wani masanin zamantakewa na Amurka, ya raba lamarin gida uku a 1973: in ƙasa da kashi 15 cikin 100 na matasa ke shiga, karatun na zaɓaɓɓu ne, daga 15 zuwa 50 na jama'a ne, sama da 50 ya zama na kowa. Ɗaliban manyan makarantu a duniya sun tashi daga kusan miliyan 100 a shekarar 2000 zuwa sama da miliyan 200 cikin shekara ashirin. Hoton da ke kan iyayenmu na zamanin gida na farko ne, wato na zaɓaɓɓu. Kuma ko a lokacin, ba ƙwaƙwalwa kaɗai ke zaɓe ba, har da wanda gidansu zai iya haƙura da shi shekara huɗu bai kawo komai ba.

Anti Laburare:

Ba wanda ya ambaci saurin karatu, kuma a fannin shari'a, tarihi da zamantakewa shi ne lissafinsu. A ce kwas shida, kowanne shafi 40 a mako, shafi 240 ke nan. Mai cin shafi 10 a awa yana buƙatar awa 24. Mai cin shafi 4, saboda harshen koyarwar ba nasa ba ne kuma kowane sakin layi sai ya duba ƙamus, yana buƙatar awa 60. Kaifinsu na iya zama ɗaya, amma na biyun zai daina karanta littafi ya koma rayuwa a kan taƙaitaccen rubutun wani, sai a jarrabawa a ce ya tattauna, ya zuba hadda. A auna wannan tun a gida: a ba yaro shafi biyar na littafin shekarar farko, a sa agogo, sannan ya rufe ya rubuta abin da marubucin ke son cewa cikin layi shida.

Malam Bita:

In ƙara da hanyar karatun kanta. Abin da ɗalibai suka fi yi, wato maimaita karanta rubutu da ja masa layi da alƙalami mai launi, yana cikin hanyoyi mafi ƙarancin amfani. Ido ya saba da shafin, sai mutum ya ji kamar ya iya, sai an ɗauke takardar a ga babu komai. Hermann Ebbinghaus, wani masanin halayyar ɗan Adam na Jamus, ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo. Wani nazari da John Dunlosky da abokan aikinsa suka fitar a 2013 ya auna hanyoyin karatu goma, biyu ne kawai suka fito a sahun gaba: gwada kai da tambayoyi, da rarraba bita a kan kwanaki.

A aikace: ranar da aka yi lakca, minti 15 littafi a rufe, ka rubuta abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka cike giɓi da wani launi. Ka sake bayan kwana uku, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Tambayoyin shekarun baya a fara su a mako na huɗu, ba daren jarrabawa ba. Zai yi maka ɗaci, don kullum kana ganin abin da ba ka sani ba, shi ya sa da yawa ke komawa ja layi.

Dokta Lissafi:

Malam Bita, ƙari ɗaya. A lissafi da fiziya, kallon amsar da aka warware ba karatu ba ne. Sai an yi fama da tambaya aƙalla minti 20 kafin a leƙa, kuma in an leƙa, layi ɗaya kawai, a rufe a ci gaba.

Maman Ummi:

Allah ya saka da alheri, na kwafe gwajin aljabra na Dokta da na shafi biyar na Anti. Malama Hauwa, saura tambaya ɗaya: wanda ya riga ya tashi shekarar farko da maki ƙasa, ya fi kyau ya canza kwas ko ya dage a inda yake?

Malama Hauwa Mai Shawara:

Hajiya, a duba takardar sakamakon kwas-kwas tukuna. In faɗuwar ta taru a gida ɗaya, misali duk masu lissafi, sauran kuma lafiya, to batun tushe ne ko zaɓin kwas, a nan canji na iya yin amfani. In kuwa ta bazu ko'ina, har da masu sauƙi, matsalar lokaci ce ko rashin lafiya ko wata damuwa, kuma za ta bi shi duk sashen da ya koma. Kafin a cike takardar canji, a tambayi ofishin rijista abu biyu: ranar rufe karɓa, da ko tsofaffin makin za su bi shi sabon sashen.