Neman shawara: an shirya mana cin abincin ƙarshen shekara a sabuwar mashaya, in je ko in ba da uzuri?

'Yar Zazzau a Manchesta

Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema, kuma kafin Juma'a nake buƙatarta.

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki an shirya wa ma'aikata cin abincin ƙarshen shekara. Wurin da aka zaɓa wata tsohuwar mashaya ce a nan kudancin Manchesta, wadda sabbin masu ita suka gyara suka buɗe kwanan nan, gefe guda kantar giya, gefe guda teburan cin abinci. Manajarmu ta turo takardar abincin, ta ce kowa ya zaɓi nasa tun yanzu, ya biya fam 10 kafin alƙalami.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne bakin waɗanda suka je bai zo ɗaya ba. Wata abokiyar aikina ta ce ba ta taɓa cin kifi mai daɗin nasu ba, ga ma'aikata da fara'a. Wata kuma ta ce sun zauna har yunwa ta galabaita su, da abincin ya zo ya riga ya huce, naman ya bushe ƙamas. A Google ma haka abin yake, ko tauraro biyar ko ɗaya, babu tsaka-tsaki.

Ni kaɗai ce Musulma a ɓangarenmu, kuma ba na son a riƙa ganina a matsayin wadda ba ta shiga mutane. Wanda ya san wurin, ko ya san yadda irin wuraren nan suke, ya taimaka: me zan zaɓa, me zan tambaya, ko kuwa in ce wani uzuri ya taso?

Bakano Mai Tasi

Wa alaikumus salam. Bazazzagiya za a shiga gidan Turawa, Allah ya sa kada a nemi tuwo.

Na gane wurin, ƙanwata. Wani fasinjana na dindindin ya gayyace ni abincin rana a tsakiyar mako, kuma gaskiya ban ga abin kushewa ba. Babu cunkoso, abinci ya zo da zafinsa, yarinyar da ta kawo ma ta dawo ta tambaye mu ko komai ya yi. Wani abu da nake zargi game da masu ba da tauraro ɗayan nan: a yawancin mashayun Ingila ba a zuwa teburinka a ɗauki oda. Lambar tebur za ka duba, ka taka zuwa kanta, ka faɗi abin da kake so, ka biya nan take. Wanda bai sani ba sai ya yi ta zama yana harare-harare. Ku dai da kuka kama wuri tun da wuri kawo muku za a yi. Ruwan famfo kuma kyauta ne, doka ta wajabta wa duk inda ake sayar da giya ya ba wanda ya nema, kada ki bari a ɗora miki na kwalba.

Maman 'Yan Biyu

Bakano, ka ci sa'a ne kawai. Mu ranar Lahadi muka je, mutanen ofis ɗin maigida suka gayyace mu, kuma kawo wa tebur ake yi a ɓangaren da muka zauna, don haka ba rashin sanin ƙa'ida ba ne.

Mun fi awa guda muna jira. Da abincin ya tashi zuwa bai zo tare ba: mutum uku suna ci, sauran muna kallonsu, su kuma kunya ta hana su sakewa. Farantin da aka ajiye mini ya yi zafi har ba ya taɓuwa, amma abincin da ke kansa gefe ya bushe, tsakiya kuma salam. Na tambayi yaron da ke hidimar teburinmu ko akwai giya a romon da suke zubawa a kan dankali. Ya yi shiru, ya ce bari ya tambayo. Har muka tashi ban sake ganin ƙeyarsa ba. Ban ji haushinsa ba sosai, da ganinsa ka san a makon ya fara aiki, hannunsa har rawa yake in ya ɗauko faranti. Wanda na ji haushi shi ne wanda ya tura shi fili bai koya masa komai ba. Da rasit ya zo kuma sai ga kuɗin hidima kashi 12.5 cikin ɗari an lafta a ƙasa.

'Yar uwa, in don abincin ne, ni ban ba ki shawarar ɓata kuɗinki ba.

Badamagare

Da Bakano da Maman 'Yan Biyu duk gaskiya suka faɗa, ranaku ne suka bambanta. Lokacin da nake karatu na yi aikin wanke-wanke da yanke-yanke a kicin ɗin irin wannan wuri, ba wannan ɗin ba, don haka bari in faɗa muku abin da ke faruwa a bayan ƙofa.

Sabon wuri, kukun bai gama sanin murhunsa ba, masu kai abinci ba su haddace lambobin tebura ba, manaja bai san yawan naman da zai saya ba. Talata da rana oda ɗaya-ɗaya take shigowa, kowa yana da lokacin yin abu yadda ya kamata. Lahadi kuwa, daga ƙarfe ɗaya zuwa uku, gasasshen naman Lahadi kowa yake nema, 'yar na'urar da ke fitar da takardun oda ba ta tsayawa, takardu har ƙasa suke zuba. Farantin da aka gama sai a ajiye shi ƙarƙashin wata fitila mai zafi yana jiran a gama na sauran 'yan teburin. In an yi jinkiri, fitilar ta gasa farantin ta busar da saman abincin, cikin kuma ya huce. Abin da Maman 'Yan Biyu ta gani ke nan.

Naki taron zai fi na Lahadi sauƙi, tunda an ba su lissafi tun da wuri. Matsalarki ba jira ba ce, abin da ke cikin farantin ne. Abincin Kirsimeti na mashaya tarko ne ga wanda ba ya cin alade:

Talotalon, ko da a ce yankan Musulmi ne, kuma da wuya ya zama, tare yake zuwa da wasu ƙananan tsiran alade da aka naɗe da sillen naman alade, sau da yawa a tire ɗaya aka gasa su. Haɗin da ake cusawa a cikinsa ma yakan zo da niƙaƙƙen alade. 'Yan ƙananan kabejin nan da suke so a lokacin sanyi, wasu da gutsattsarin alade suke soya su. Gasasshen dankali kuma da kitsen dinya ko na agwagwa ko na sa.

Kifin da abokiyar aikinki take yabo, ki tambaya da me aka dama ƙullun fulawar da aka tsoma shi. A mashaya galibi da giya ake damawa, har alfahari suke yi da hakan a takardar abinci. Sannan ki tambaya ko tukunyar suyarsa daban take, don a ƙaramin kicin mai ɗaya ne yake soya komai.

Kada kuma ki ga an rubuta abinci na marasa cin nama ne ki saki jiki. Wannan alamar nama ta kore, ba giya ba. Shinkafar Italiya mai laimar kwaɗi (mushroom) da farar giyar inabi ake fara ta, romon ganye ma ana zuba masa jar giyar. Masu cewa wuta tana ƙone giyar duka, ba haka ba ne, saura yana ragewa. A kayan zaƙi, kek ɗin Kirsimeti da barasa ake jiƙa shi, wasu masu santsin kuma da jelatin ake ɗaure su, wani sinadari da ake samu daga fata ko ƙashin dabba, har da alade.

Ki kira su tsakanin ƙarfe uku da biyar na yamma a ranar aiki, lokacin kicin ya lafa, ki ce da babban kuku kike son magana. Duk abin da ya faɗa ki roƙe shi ya turo a imel.

Anti Nas

Ƙari a kan na Badamagare. Dokar ƙasar nan ta tilasta wa masu sayar da abinci su bayyana abubuwa 14 da jikin wasu ba ya karɓa, irin su gyaɗa, riɗi, ƙwai, madara, kifi, waken soya da alkama. Alade da giya ba sa cikin jerin. Shi ya sa in kika ce a ba ki takardar, za su miƙo da sauri, amma ba za ta amsa tambayarki ba. Sai kin ambaci abin da sunansa.

Batun tsafta kuma, ki shiga shafin hukumar kula da ingancin abinci, FSA, ki rubuta sunan wurin. Maki ne daga 0 zuwa 5, jami'an ƙaramar hukuma ke bayarwa bayan sun duba kicin. A Wales da Ireland ta Arewa dole ne a manna takardar makin inda kowa zai gani, a nan Ingila kuwa ganin dama ne, don haka rashin ganinta a ƙofa ba hujja ba ce. Sabon wuri ma za ki iya tarar da an rubuta ana jiran dubawa. Kuma makin tsafta yake aunawa, ba daɗin girki ko saurin hidima ba.

Maman 'Yan Biyu, kuɗin hidimar nan in an rubuta na ganin dama ne, kina da ikon cewa a cire, ba faɗa ba rigima. Sai dai ki sani, tun 1 ga Oktoba 2024 doka ta hana masu wuri taɓa tukwici da kuɗin hidima, na ma'aikata ne gaba ɗaya. In kin cire, aljihun yaron nan mai rawar hannu kika taɓa, ba na maigidansa ba. Ni na fi son in kira manaja in nemi a rage kuɗin abincin da ya zo a huce.

Maman 'Yan Biyu

Anti, ai kuwa biya muka yi, maigida ya ce kada in tayar da magana a gaban mutanen ofis ɗinsa. Da na san haka da manajan na nema.

Malam na Bradford

'Yata, duk an yi maganar faranti, ba a yi maganar tebur ba. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Taron ƙarshen shekara a mashaya, kin san ba lemo kaɗai za a sha ba. Ba ina cewa ki yanke hulɗa da abokan aikinki ba, kyautata musu ma addini ne. Amma ba dole sai a wannan teburin ba.

Bakano Mai Tasi

Allah gafarta Malam, ba musu nake yi ba. Sai dai a ƙasar nan ko gidan abincin da ba mashaya ba, in dai da Turawa ka zauna, wani zai nemi kofi guda. Yarinyar nan aiki take yi da su dare da rana.

Malam na Bradford

Haka ne, Alhaji, kuma akwai malaman da suke duba lalurar wanda aikinsa ya rataya a kan irin wannan zama. Amma a nan ba wanda ya ce za a kore ta in ba ta je ba. Ta tambayi malamin da ya san halinta ido da ido, ni dai na faɗi abin da na sani.

Hajiya Babba

Ku bar yarinya ta numfasa. 'Yata, na daɗe ina aiki da mutanen nan, abin da ba sa so shi ne ƙaryar uzuri. Yau ciwon kai, gobe baƙi, sai su ɗauka su ne ba kya so. Ki samu manajarku ku biyu ki ce mata: ina son zama da ku, amma ba na zama inda ake shan giya. Za ki sha mamakin yadda za ta karɓa. Sannan ki kawo naki tayin. Ga titin Wilmslow nan a Rusholme kusa da ku, gidajen abincin halal jere, kuma Turawan Manchesta sun fi ki sanin hanyar wurin. Ki ce a watan Janairu, in an huce daga hidimar biki, ke za ki kama tebur. Ranar taronsu kuma ki soya cincin ki yi dubulan ki ajiye a ɗakin hutun ma'aikata. In kin ga za ki je ɗin ne, to ki bi abin da Badamagare ya faɗa sawu da ƙafa, ki ci ki yi musu sallama kafin a fara zagaye na biyu.

'Yar Zazzau a Manchesta

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Bakano, tuwon ma a gidanku za a ci shi.

Na kira su jiya da la'asar. Kukun ya saurare ni da mutunci, ya ce ƙullun kifin da giya ne, tukunyar suya kuma ɗaya ce, amma zai iya gasa mini kifin salmon da dafaffen dankali a kasko daban. Na ce ya turo a rubuce, har yanzu dai shiru.

Na kuma yi wa manajarmu magana yadda Hajiya ta ce. Ashe akwai wata 'yar Indiya a masu aikin dare da ita ma ba ta sha, da wata Baturiya da ta daina, su ma ba su biya ba. Ta ce mu ukun mu zaɓi wuri a Janairu, za ta sa a allon sanarwa. Wannan karon dai ba zan je ba.

Yanzu wa ya san wurin da zai ɗauki mutum goma sha biyar a Rusholme, wanda ba a cika yaji ba? Akwai masu hawaye in sun ji ƙanshin attaruhu.

Maman 'Yan Biyu

Zan turo miki guda biyu ta akwatin saƙo. Ki kama tebur a tsakiyar mako, daren Juma'a da Asabar ko wurin ajiye mota ba za ku samu ba.