Yaya zan yi wa Baba bayanin "baƙin rami"?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni malamin fizik ne a wani lise nan Damagaram. Daren jiya kuran ya ɗauke, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Hazo bai sauko ba, sama ta yi tas, Baba yana nuna wa jikokinsa kaza da ƴaƴanta. Sai ƙaramar ɗiyata ta ɗauko wayata ta kai masa hoton nan na 2019, zoben wuta mai duhu a tsakiya. Na ce masa shi ne abin da muke kira trou noir a aji, wato baƙin rami, yana can tsakiyar wani tarin taurari da ake ce wa M87.

Baba ya ci ƙuruciyarsa yana ginin rijiya, daga Mirya har Magarya. Ya riƙe wayar ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce: "Ɗana, rami ai sai da ƙasa. Wannan a jikin me aka gina shi? Kuma gindinsa ina ya dire?" Na ba shi amsa, amma ni kaina ba ta gamsar da ni ba, na kwana da abin a rai. Lissafin yana hannuna, Hausarsa ce babu. Don Allah me za ku ce wa dattijon da ya fi mu duka sanin rami?

Malama daga Zango:
Wa'alaikumus salam Mushe. A gaishe da Baba, tambayarsa tana kan hanya. Sunan ne ya jawo ruɗani. Rami wuri ne da aka kwashe abin da ke ciki, shi kuwa wannan wuri ne da aka cusa kaya fiye da kima. Galibi tauraro ne mai nauyin rana ninki da yawa, makamashinsa ya ƙare, cikinsa ya rufta a kan kansa ya dunƙule.

Ni da dutse nake fara wa ɗalibaina. Ka jefa dutse sama, ya dawo. Da za ka iya jefa shi da gudun kilomita 11 a daƙiƙa ɗaya, da ya kufce wa jan ƙasa, ba zai dawo ba. To, iya yadda aka matse nauyi wuri guda, iya gudun da ake buƙata kafin a kufce. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuma babu abin da ya fi shi gudu. In aka kai inda shi ma ba ya iya fita, shi ke nan, duhu. Da za a matse duniyarmu kaf, har da duwatsun Birni da teku, ta koma kamar ɗan magarya, da ta zama haka. Ka sa masa ɗan magarya a tafin hannu lokacin da kake faɗa.

Ɗalibin jami'a:
Malam, ku sa yara huɗu su ja zane, ku ɗora dutsen niƙa a tsakiya, ku gangara ƙwallon goruba a gefe. Zai riƙa kewaya dutsen. Kwatancin bayanin Einstein na 1915 ke nan, cewa nauyi yana lanƙwasa sarari.

Ɗan Mirya a Faransa:
Ƙanena, misalin zane yana da kyau a aji, amma mai ginin rijiya zai ce maka ai ga ƙasa a ƙarƙashin zanen, ita ke jan dutsen. An koma gidan jiya.

Mushe, Hausa ta riga ta ba ka rabin amsar: akwai baƙin rami, akwai bakin rami. Abin da masana suke iya aunawa shi ne bakin, iyakar da in ka ƙetare ba komowa. Ba katanga ba ce, ba kuma wani abu ne da za ka taɓa ba. Maganar gindi kuwa, ka gaya masa gaskiya: lissafin Einstein yana tsayawa cak a can, kuma masanan da kansu sun yarda nan ne iyakar igiyarsu a yau. Na tabbata zai girmama wannan amsar.

Ka kuma cire wa yaran tsoro. Ba ya zuƙe duk abin da ke sama. Da rana za ta koma baƙin rami da nauyinta na yanzu, faɗinsa kilomita 6 ne kawai, kuma ƙasa za ta ci gaba da kewaya shi a kan hanyarta. Sanyi da duhu ne za su halaka mu. Ita rana ma nauyinta bai kai ta zama haka ba.

Ɗan Birni:
Allah Ya saka muku da alheri. Bayan la'asar na zauna da shi, da ɗan magarya a hannu. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Sai ya ce shi in yana son sanin zurfin rijiyar da ba ya ganin ruwanta, tsakuwa yake saki ya kasa kunne, to su da me suka auna?

Nan na samu bakin zaren. Na ce masa su ma haka suka yi. Sun shafe shekaru suna bin taurarin da ke kewaya wani wuri da ba a ganin komai a tsakiyar namu tarin taurarin. Ɗaya daga cikinsu, S2, yana gama zagaye cikin shekara 16. Daga gudunsa suka lissafa cewa abin da ke jan sa ya kai nauyin rana miliyan 4. Reinhard Genzel da Andrea Ghez sun samu kyautar Nobel a 2020 saboda wannan aiki, hoton wurin kuma ya fito a 2022. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan aikin masu haƙuri ne."

Yanzu so yake in nuna masa wajen da abin yake. Na ce sai dai mu jira damina, lokacin ne wannan yanki yake hawa ta kudu bayan isha'i. Ya ce in Allah Ya kai mu, in kai shi bayan gari, can inda babu fitila.