Ruwa yana shiga silindar injin jirgina bayan an gyara shi

Mai Jirgi daga Nima:

Assalamu alaikum. Ina da jirgin katako na kamun kifi a tashar masunta ta Tema a Ghana, mai injin dizal silinda 6, irin wanda ruwan teku ke bi ta cikin kula ya sanyaya ruwan injin, sannan ya fita ta salansa tare da hayaƙi. A watan Yuli, lokacin da aka rufe kamun kifi, muka sauke injin aka canza silib, fistan, ringi da gasket, aka kuma kai tof silinda wurin masu gogewa. Da aka mayar da shi cikin jirgi ya daɗe yana shan sitata kafin ya kama, saboda iskar da ta shiga layin mai. Washegari da safe sitata ta juya shi kaɗan sai ya cije. Da fita, wato makaniken injin, ya cire nozul, ruwa ya fito daga silinda ta 5 da ta 6, baƙin mai kuma ya koma kamar shayi mai madara. Shi dai ya ce gasket ne, a sake buɗe tof. Ga lokacin kifi ya kama, ina son jin ta bakinku kafin in sake zuba kuɗi.

Fita daga Suame Magazine:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Da farko kada kowa ya sake taɓa sitata. Ruwa ba ya matsuwa, kuma a silindar da ke ɗaukar lita 1, wurin da ya rage idan fistan ya kai sama bai wuce mililita 60 da 'yan kai ba, don haka ruwa kaɗan ya isa ya lanƙwasa kwanrod. A bar nozul a cire, a juya injin da hannu har ruwan ya fita, a zuba mai kaɗan cikin kowace silinda.

Zaton fitanka yana da tushe, domin 5 da 6 maƙwabta ne, kuma gasket yakan bari a tsakanin irin waɗannan. Yakan faru idan ba a ɗaure kusoshin tof daga tsakiya zuwa gefe da awon da kamfanin injin ya bayar ba, ko idan bakin sabon silib bai fito saman bulok daidai da sauran ba. Amma a gwada kafin a buɗe: a matsa iska cikin layin ruwan injin gwargwadon abin da aka rubuta a murfin tankin, a ga ko allurar ma'aunin iskar za ta sauka.

Tsohon Injiniyan Jirgi, Sabon Zango:

Masta na Suame ya yi bayanin da ya dace da injin mota, sai dai jirgi yana da wata ƙofa da mota ba ta da ita, kuma ita nake zargi. Alhaji, ka ɗebi ruwan da ya fito, ka ɗiga shi a kan baƙin ƙarfe mai zafi ya bushe. Kada a ɗanɗana, domin idan akwai maganin sanyaya injin a ciki guba ne. Idan ya bar farin gishiri, ruwan teku ne, kuma a irin injinka ruwan teku ba ya bi ta gasket ko kaɗan. Ka duba tankin ruwan injin ma, idan yana nan cike yadda aka bar shi, to gasket ba shi da laifi.

Abin da ka faɗa game da sitata shi ya fi ɗaukar hankalina. Famfon ruwan teku yana juyawa ne tare da injin, ko ya kama ko bai kama ba. Idan injin yana aiki, ƙarfin hayaƙi ne ke tura ruwan waje. Idan kuwa sitata ce kawai ke juya shi, famfo yana ta zuba ruwa a salansa babu mai korarsa, har tukunyar salansar ta cika, ruwan ya hau gwiwar bututu ya gangaro cikin manifol, ya shiga duk silindar da bawul ɗinta na hayaƙi yake buɗe. Kuma da yake injin jirgi yakan zauna ne da ɗan karkata zuwa baya domin ya daidaita da sandar farfela, silindun baya su ke fara sha. Na ga an buɗe tof mai lafiya an jefar da sabon gasket saboda wannan, abin yana ba ni takaici ƙwarai.

Mai Jirgi daga Nima:

Baba, Allah ya saka da alheri. Ruwan ya bushe ya bar gishiri fari fat, tankin kuma bai ragu ba. Da muka kwance robar salansa, ruwa ya kwararo har ya jiƙa mana ƙafafu. Na kuma lura sabuwar gwiwar da aka walda ba ta kai tsohuwar tsayi ba. Me ya rage mu yi?

Tsohon Injiniyan Jirgi, Sabon Zango:

A mayar da gwiwar tsayinta na da, kuma a auna ta da matakin teku lokacin da jirgi yake ɗauke da ƙanƙara da raga da mai, ba lokacin da yake fanko ba. Idan wurin da ruwa ke shiga salansa yana kusa da matakin teku ko ƙasa da shi, a ɗaga robar ruwan ta yi baka aƙalla santimita 30 sama da matakin, a sa mata ɗan bawul mai shigar da iska a ƙololuwa, in ba haka ba ruwa zai riƙa tsiyayowa da kansa cikin dare. Duk ranar da injin ya ƙi kamawa da wuri, a rufe makullin ruwan teku, a buɗe shi da zarar ya kama, domin robar famfo tana ƙonewa idan ta juya a bushe.

Gishiri ba ya jira, yana fara cin silib da ringi cikin kwana ɗaya ko biyu. A canza baƙin mai da filta yau, a tayar da injin ya yi zafi, a sake canzawa har man ya fito tsaf. Kafin a fita teku a gwada matsin silinda ta 5 da ta 6 a kwatanta da sauran huɗun, domin idan ɗaya ta yi ƙasa sosai, mai yiwuwa kwanrod ɗinta ya lanƙwashe a safiyar da injin ya cije.