Baƙi daga Tawa za su yi Asabar da Lahadi a Yamai, ina zan kai su?

Ɗan Wadata:

Assalamu alaikum. Yayana da uwargidansa da yaransu uku za su iso daga Tawa ranar Juma'a da dare, su koma Litinin da asuba. Babban yaron shekararsa 12, autar kuma 4. Ina so ranar Asabar mu ɗan zaga gari, mu ci abinci a waje, bakin gulbi in da hali, da dare kuma mu kalli wasa, ko kiɗa ko kokowa. Mu bakwai ne har da ni da mai ɗakina, jika arba'in na ware. Sai dai wurin kada ya zama ana sayar da giya, don yayan nawa ko zama ba zai yi ba. Ga shi sanyi ya shigo. Waɗanda suka san gari, don Allah a taimaka da shawara.

Uwar Tukunya:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Jika arba'in za ta isa in ba manyan otal kuka nufa ba. Maganar giya ita ce ta farko: yawancin maki, wato wuraren cin abinci da shaƙatawa, da ke jere a Kornish, titin bakin gulbi, ta Gamkalle da ta Yantala, suna sayarwa, ko da ba a rubuta a allo ba. Kada ka tsaya tambayar ɗan taksi. Ka je da kanka ranar Alhamis da yamma ka dubi tebura da firij, ka ga ko akwai tabarmar salla da buta, ka leƙa ban ɗaki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bakin gulbi kifi ake ci. Ka ce a nuno maka shi ɗanye kafin a ɗora a wuta. Ido ya zama garau, ba wanda ya yi fari ya faɗa ciki ba. Ka ɗaga marfin kunnen, ciki ya zama ja. In ya koma ruwan ƙasa yana yauƙi, kifin ya kwana. Ka danna bayansa da yatsa, in gurbin bai ciko ba ka bar musu abinsu. Wasu kan narkar da kifin ƙanƙara su ce na gulbi ne, ana gane shi da ruwan da yake tsiyayewa a faranti, kuma in ya gasu namansa ɓarɓashewa yake yi. Karfasa ta fi sauƙin kuɗi amma ƙaya gare ta, ita ce ta manya. Ga yara, musamman mai shekara 4, a yanka musu giwan ruwa, tsoka ce zalla. Ku bakwai, karfasa huɗu masu kamar rabin kilo, da gunduwa biyu ko uku na giwan ruwa, da faranti uku na acheke, wato garin rogo turarre, ko soyayyen dankali, sun wadatar. A yi ciniki a gama, kifi da abin haɗi, tun yana ɗanye. Wanda aka riga aka gasa ba ya ciniki.

Karfasa mai rabin kilo minti 20 zuwa 25 take yi a kan garwashi. In an kawo maka ita cikin minti biyar, ta rana ce aka ɗumama. In kuma mai gashi ya ɗora ta a kan harshen wuta don sauri, fata za ta ƙone, kusa da ƙashi kuma jini. Ka buɗa gefen ƙashin baya ka duba kafin a raba wa yara. Daren Asabar layi yakan kai awa guda, shi ya sa ya fi kyau ku ba da odar kafin magariba, ku yi salla, ku dawo ku tarar ana saukewa.

Salati da ɗanyen tumatir a bar wa manya in sun ga dama, ba ka san ruwan da aka wanke su da shi ba. Mayonez da ke buɗe a tebur tun rana kuwa kowa ya ƙyale shi. Ruwa a saya na kwalba, a buɗe a gabanka, kwalaben lemun da aka sha kuma a bar su a tebur har a kawo lissafi, da su ake ƙirgawa. Ka tanadi canji, ƴan dala ɗari da jika-jika, domin takardar jika goma a bakin gulbi da dare rigima ce.

Sarkin Jirgi:

Hajiya ta gama maganar ciki. Ni tsarin yinin zan gyara maka, Malam. Mutanen da suka sha kilomita sama da 500 a bas ranar Juma'a, ta Konni da Dogon Dutsi da Doso, kada ka tashe su da wata tafiyar. Asabar a cikin gari za ku yi ta.

Da hantsi ku shiga Muze, gidan tarihi na Bubu Hama, yana nan tun 1959. Yara za su ga zakuna da kuraye da dorina da kadoji, ga ƙasusuwan dinosor da aka tono a jihar Agadas, ga kututturen itacen Tenere da mota ta kaɓe a 1973. Awa biyu ta isa. Ku je da wuri, da rana ta take dabbobin kwanciya suke yi a lungu, sai dai ku ga wutsiya. Masu sana'ar fata da ta azurfa suna ciki, kuma ana ciniki da su.

Yawon jirgin ruwa kuma bayan la'asar. Mutane suna zaton damina kaɗai gulbi ke cika, alhali ruwan da ya sauka a Gini sai Disamba zuwa Fabrairu yake isowa Yamai. Yanzu ruwan yana da zurfi, yana gudu da ƙarfi, kuma yana da sanyi. Saboda haka kafin kowa ya sa ƙafa, a ƙirga rigunan ruwa, bakwai cif, a sa wa yara a ɗaure igiyar, ba a aje a gefe ba. Rigar babba ba ta riƙe ƙaramin yaro, ta kai take zarewa. In babu daidai autar, ta zauna a tudu da mahaifiyarta. Ka dubi cikin jirgin: ɗan ruwa da ake kwalfewa da gwangwani ba komai ba ne, amma wanda ya kai idon sawu tun ba a tashi ba, a nemi wani. In mai inji ne, a tabbata akwai filafili ko gora a ciki, inji yakan mutu a tsakiyar ruwa. Ku yanke kuɗin zuwa da dawowa da tsawon lokaci tun a tudu, a ba da rabi, rabi sai an dawo. Kada ka matsa wa mai jirgi ya kusanci dorina don hoto, mai ɗa tana kifar da jirgi. Rana tana faɗuwa wajen 6 da rabi a wannan lokaci, ƙarfe 6 ta same ku a tudu. Kuma a gargaɗi babban yaron kada ya ɗaga waya yana ɗaukar gada ko wurin da sojoji suke.

Lahadi in an ce sai an fita gari, za a ambato maka Bubon da Kure. Bubon kamar kilomita 25 ne ta hanyar Tilaberi, garin tukwane, amma kasuwarsa Laraba take ci, kuma wannan hanyar ba ta yawon iyali ba ce a halin da ake ciki. Kure, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa, kilomita 60 ne ta hanyar Doso. Tun harin 9 ga Agusta 2020, da aka kashe mutum takwas, ba a shiga dajin haka kawai, sai an ji daga hukuma. Ga shi da rani raƙuman dawan sukan gangara wajen Dallol Boso, kana iya ƙona mai ka dawo ba ka ga ko ɗaya ba. Ku huta a gida, a aiko muku da gasasshen zabo da dambun zogale.

Mai Kalangu:

Kokowa dai ba a burge mutumin Tawa da ita, a garinsu aka fara gasar Takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa, a 1975. Gasar tana zagaya jihohi takwas, wajen ƙarshen shekara ake yi, in ba a Yamai ta faɗo ba sai kallon talabijin. Filin kokowa na nan yakan yi wasannin share fage da yamma, ka saurari sanarwa a rediyo tun Alhamis. Wannan ya fi dacewa da yara, kafin isha an watse.

Kiɗa kuma ka duba allon CCOG, wato cibiyar al'adu ta Umaru Ganda, da babban zauren taro na Pale de Kongire, da tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar wadda aka mayar wa suna Mustafa Alasan a 2024. In takardar talla ta ce ƙarfe 8, babban mawaƙi da wuya ya hau kafin 10, yara masu tasowa ne za su riƙe dandali. Ka tambaya ko da makaɗa za a yi ko faifai za a saka ana bi da baki. Hanya mai sauƙi: ka bi ta wurin da la'asar, in ka ji ana gwada ganguna da gita, wasa na gaske ne. Tikiti a taga ake saya, na hannun yaran bakin ƙofa wani lokaci an riga an shiga da shi. Ranar wasan da rana ka sake tabbatarwa, ana iya ɗagewa ba tare da dogon bayani ba.

Wurin zama, kada ku je gaba kusa da lasifika, kunnen yaro ba ya ɗauka. Ku nemi kusa da teburin mai haɗa sauti, a tsakiya, nan kiɗan ya fi fita. Dandalin CCOG a fili yake, ba rufi, bayan ƙarfe 10 iskar hunturu tana shiga ƙashi, a zo da rigunan sanyi da zanen shimfiɗa. Kuɗin liƙi ka ware su a aljihu guda, don in maroƙi ya gane Alhaji baƙo ne daga Adar, sai ya wasa shi tun daga kakanni, kuma ba a tashi hannu rabbana.

Ɗan Wadata:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ke nan Muze, jirgi, kifi, sannan wasa, duk rana guda. Ba zai yi wa yaran yawa ba?

Uwar Tukunya:

Zai yi. Yaron da ya yini a Muze da jirgi, ƙarfe 9 barci yake yi a kafaɗa. Bayan kifi a mai da mata da ƙanana gida, kai da yayanka da babban yaron ku wuce wasan. Ku bakwai taksi biyu ne, ka karɓi lambar direba ɗaya tun da rana ku shirya ya dawo muku, don in dare ya yi nisa kuɗin kwas, wato shatar taksi, ninkawa yake yi. Asabar ranar biki ce a Yamai, ana kafa rumfa a tare layi, ka ƙara minti 20 a kan kowace tafiya. Sauro kuma bai san sanyi ba a bakin gulbi, a sa wa yara dogon wando da safa kafin magariba.