Wane suna za mu ba “breadboard” da Hausa?

Malamai da ɗaliban lantarki na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli, ina roƙon mu tsayar da suna guda ga farin allon nan mai ramuka, domin duk mai koyar da yadda ake cire aisin ATmega328P (IC, wato ɗan guntun da ke zaman ƙwaƙwalwar na'ura) daga jikin Arduino Uno, allon koyon sarrafa na'urori, a sa shi ya yi aiki shi kaɗai, a nan Hausarsa take fara cijewa.

An kawo “allon burodi”, ni kuwa ban goyi bayansa ba. Sunan ya samo asali ne daga masu haɗa rediyo na dā, waɗanda suke kafa ƙusoshi a katakon yanka burodi su ɗaura wayoyi, kuma wannan tarihi ba ya nuna wa yaronmu aikin abin. “Allon gwaji” ya fi dacewa, sai dai masu sayar da ƙwan lantarki a Sabon Gari suna da nasu allon na gwada ƙwai, saboda haka za a riƙa samun ruɗani.

Abin da nake gani shi ne “allon dashe”. Yadda ake tuge tumatir daga bedi a dasa shi a wani wuri, haka ake ɓanɓaro aisin a hankali a dasa ƙafafunsa 28, goma sha huɗu a kowane gefen tsagar da ta raba allon, ba tare da an narka dalma ba. Kowane ramuka biyar da ke jere a haɗe suke ta ƙasa, shi ya sa dole tsagar ta ratsa ƙarƙashin aisin, don kada ƙafafun da ke fuskantar juna su haɗu. Daga nan sai a dasa kiristal, wato abin da ke daidaita wa aisin saurin aiki, mai megahaz 16 tsakanin ƙafa ta 9 da ta 10, kowacce da kafasita (ɗan abin da ke riƙe caji) mai fikofarad 22 zuwa layin ƙasa, wato “ground”, ɓangaren negatif na wutar. Ƙafa ta 7 da ta 20 su karɓi bolt 5, ta 8 da ta 22 su tafi layin ƙasa, ta 1 kuma ta bi ta rizista (abin da ke rage gudun wuta) mai kilo'om 10 zuwa bolt 5 ɗin. Idan an yi kuskure, a tuge a sake dasawa.

Hausa ta riga ta karɓi “dashen ƙoda”, don haka kalmar ba za ta yi wa kunne baƙunta ba. Malamanmu na Sashen Harsunan Afirka, ko kuna ganin wani aibu a cikinta kafin mu sa ta a takardun darasi?