Huhu da hayaƙin Ikko

Sani Mai Tirela:
Salamu alaikum 'yan zaure. Tari ya hana ni barci, ga tawa:

Kwana uku a layin Apapa ina shaƙar hayaƙi,
Da asuba in tashi da tari da kaki,
Na tofar, na duba, na gan shi baƙi,
Wai me ake yi da iskar nan a ciki?

Baba Ɗanjuma, mahaucin Oko-Oba:
Sani ɗana, zo mayanka ka sha mamaki,
Maƙogwaro bututu ne, zobban guringuntsi a jiki,
Ya gangara ƙirji, ya rabu biyu a ciki,
Ya yi ta rassa, kai ka ce tsamiyar bakin gidan sarki.
In na hura huhun rago ya kumbura, ya sace in na saki,
A ruwa kuwa yana yawo a sama, hanta ta nutse can ciki.

Hauwa mai jinya, Idi-Araba:
Baba, wuƙarka ta ga gaskiya, bari in ƙarasa aiki,
Huhu ba ya jan iska da kansa, malalaci ne a jiki,
Akwai faffaɗar tsoka tsakanin ƙirji da ciki,
Ta yi ƙasa, haƙarƙari ya buɗe, iska ta shigo ɗaki.
Huhun dama kashi 3, na hagu 2 a ɗan Adam, ba mamaki,
Zuciya ce ta karkata hagu, ya ba ta masauki.
Ƙarshen rassan 'yan jakunkuna ne, miliyoyi a ciki,
Nan jini ke ɗaukar oksijin ya raba wa jiki,
Ya sauke gurɓatacciya, ta fita ta hanci ko baki,
Numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kana zaune ba aiki.

Sani Mai Tirela:
Anti, ba ki taɓo baƙin kakin ba.

Hauwa mai jinya:
Majina ce ke kama ƙura da toka ta hayaƙi,
'Yan siraran gashi su sharo ta sama ta zama kaki,
Sigari ke kashe masu sharar, ya bar datti a ɗaki.
Tari in ya kai mako 2, ka zo asibiti da kaki,
Gwajin tarin fuka kyauta ne, kar ka yi tsaki.

Baba Ɗanjuma:
Sani, wancan kwalin da na gani a aljihunka ran Juma'a fa?

Sani Mai Tirela:
Baba, a rufa asiri. Layi ya motsa, in na sauke kaya zan biyo Idi-Araba.